Hukumar da aka sa wa ranar mutuwa: yadda Amurka ta soke tsarin jiragen sama na 1938

A shekarar 1967 wani kamfanin jiragen shata a Amurka, World Airways, ya kai takarda gaban hukumar da ke kula da sufurin sama ta ƙasar. Buƙatarsa ɗaya ce: a ba shi izini ya riƙa ɗaukar fasinja kullum tsakanin gabashin ƙasar da yammacinta, a kan kuɗin da bai kai na manyan kamfanoni ba. Jirage yana da su, matuƙa yana da su, ya daɗe yana jigilar sojoji da masu yawon buɗe ido. Takardar ta kwanta a ofis shekara shida da 'yan watanni, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Da aka waiwaye ta sai hukumar ta yi watsi da ita, hujjarta kuwa bayanan da ke ciki sun tsufa. Ita ta ajiye takardar har ta tsufa, ita kuma ta hukunta mai takardar saboda tsufan.

Sunan hukumar Civil Aeronautics Board, an fi saninta da CAB. Fiye da shekara arba'in tana riƙe da linzamin sufurin sama na cikin Amurka, a ranar ƙarshe ta 1984 aka rufe ƙofarta, ba a sake buɗewa ba. Gwamnatoci da yawa kan yi alkawarin share tsofaffin ƙa'idoji, galibi kuma abin yakan ƙare a ƙidayar shafukan da aka yage. A nan kuwa tsari ne sukutum aka tumɓuke, da dokarsa da ofishinsa, sannan an yi shekaru masu yawa ana ganin abin da ya biyo baya. Shi ya sa na ɗauko shi. Ana iya nuna inda aka yi aikin da kyau, ana iya nuna inda aka bar baya da ƙura, da mutanen da ƙurar ta turnuƙe.

Ba da ka aka yi dokar ba

A fara yi wa dokar 1938, wadda ta kafa wannan tsari, adalci. Lokacin da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa mata hannu, tattalin arzikin Amurka bai gama farfaɗowa daga karyewar 1929 ba. Kamfanonin jiragen sama ƙanana ne, kuɗin kwangilar ɗaukar wasiƙun gidan waya ke riƙe da su. A 1934 gwamnati ta soke kwangilolin baki ɗaya bisa zargin an yi rabon su a bayan fage, ta ɗora wa sojojin sama ɗaukar wasiƙun, cikin 'yan watanni matuƙa fiye da goma suka hallaka a haɗurra. Jirgin da ake taƙama da shi a zamanin, DC-3, mutum 21 yake ɗauka. Tsoron da ake ji a fili yake: in aka sakar wa kowa mara za a yi ta karya farashi har kowa ya durƙushe, kuma kamfanin da kuɗi suka yanke masa, a wajen gyaran inji zai fara tsumulmula. Su kansu kamfanonin ne suka fi kowa matsa wa majalisa ta yi dokar.

Aka damƙa wa hukumar makullai uku. Ita ke cewa wane zai shiga sana'ar, ita ke cewa daga wane gari zuwa wane gari zai tashi, ita ke amincewa da kuɗin tikiti. Ko daina zuwa wani gari kamfani yake so, sai ta yarda. Kamfanoni 16 da aka tarar a manyan hanyoyi aka ba su lasisi kai tsaye. Daga baya an ƙyale ƙananan kamfanoni na yanki-yanki da masu jiragen shata, amma ƙofar manyan hanyoyi an ja ta an datse. Tsakanin 1950 da 1974 an shigar da takardu 79 na neman shiga, ko ɗaya ba ta tsallake ba. Su 16 ɗin kuwa suka yi ta haɗewa har suka koma 10.

Sana'ar ba ta tsaya jiran doka ba. A 1958 kamfanonin Amurka suka fara jigilar fasinja da jiragen jet, a 1970 Boeing 747 ya shigo da kujeru sama da 300. Jaririn da aka goya a 1938 ya zama ƙato da gemu, majanyin kuwa yana nan ɗaure.

Ga yadda abin yake aiki in aka matso kusa. A ce kamfani uku ne ke tashi daga Niyok zuwa Los Angeles, kuɗinsu duk ɗaya domin an hana ragi. Da me wannan zai janye fasinjan wancan? Sai da abin da ba a hana ba. Ɗaya ya ƙara yawan tashi, ɗaya ya ƙara nama a faranti, na ukun ya faɗaɗa kujera. A farkon shekarun 1970 American Airlines ya cire kujeru a bayan jiragensa na 747, ya yi falo ya girke fiyano a ciki. Kowane ƙarin tashi kuwa ƙarin kujeru ne da ba kowa a kai, har aka wayi gari jirage na keta sama kusan rabinsu wayam. Mai da albashin matuƙi ba ruwansu da ko kujera da mutum ko babu. Riba ta ja baya, kamfanoni su garzaya wurin hukuma su ce ga halin da muke ciki, hukuma ta ɗauko ma'auninta, wanda ya tanadi ribar kashi 12 cikin 100 a kan jari in an cika kashi 55 cikin 100 na kujeru, ta ƙara kuɗin tikiti. Ƙarin ya ba su sararin sake ƙara tashi. Haka aka yi ta kewaye. Wanda ya hau shi ke biyan kuɗin kujerarsa da na wadda ke gefensa ba kowa, wanda ba shi da hali kuma ya hau bas ko ya haƙura da tafiyar.

Da abin ya tsananta, maganin da hukumar ta kawo ƙarin ɗauri ne. Daga 1969 zuwa 1974 ta daina sauraron buƙatun sababbin hanyoyi kusan gaba ɗaya, ba tare da ta taɓa shelanta hakan a matsayin ƙa'ida ba. Ta kuma bar American da TWA da United suka ƙulla yarjejeniyar rage yawan tashi a wasu manyan hanyoyi, abin da in 'yan wata sana'a suka yi, gaban alƙali za su tsinci kansu. Kamfanin Continental ya shekara takwas yana jiran izinin tashi tsakanin Denver da San Diego, bai samu ba sai da kotu ta sa baki.

Ban ɗauki ma'aikatan CAB miyagu ba. Mutum ne ka zaunar a ofis ka ce masa lafiyar wannan sana'a tana wuyanka. Kullum waɗanda ke shigo masa lauyoyin kamfanonin da ke ciki ne, da takardunsu da alƙalumansu da kukansu. Wanda tsada ta hana hawa jirgi ba ya aiko lauya, bai ma san an yi masa wani abu ba. Kamfanin da aka hana haihuwa ba shi da ma'aikatan da za su yi zanga-zanga. A haka tsohuwar ƙa'ida ke daɗewa: masu cin moriyarta sun san kansu, sun san juna, masu biyan kuɗinta kuwa a warwatse suke.

Gani ya kori ji

Masana tattalin arziki sun yi ta rubutu a kan wannan tun shekarun 1960, ba wanda ya saurare su. Abin da ya sauya lissafi wata kafa ce a jikin dokar kanta. Ikon CAB a kan jiragen da ke ƙetare iyakar jiha yake. Wanda ya tashi ya sauka a cikin jiha ɗaya, ba ta da ta cewa a kan kuɗinsa ko hanyarsa. Jihohi kaɗan ne ke da faɗi da manyan biranen da za su riƙe irin wannan kamfani, manyansu Kalifoniya da Teksas.

A Kalifoniya akwai Pacific Southwest Airlines tun 1949. A tsakiyar shekarun 1970, daga Los Angeles zuwa San Francisco, tafiyar mil 338, kuɗin tikiti bai kai dala 19 ba. Daga Shikago zuwa Minneapolis, mil 339, a ƙarƙashin CAB, kusan dala 39. Nisa ɗaya, irin jirage ɗaya, ƙa'idojin kiyaye haɗari ɗaya, kuɗi ninki biyu. Kuma kamfanin na Kalifoniya ba sadaka yake yi ba, riba yake ci, domin kujerunsa a cike suke.

A Teksas sai da aka kai ruwa rana. An yi wa kamfanin da ya zama Southwest Airlines rajista a 1967, amma Braniff da Trans-Texas da Continental suka maka shi kotu don kada ya tashi ko sau ɗaya. Fiye da shekara uku lauyansa Herb Kelleher yana shari'a, har maganar ta kai ƙofar Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronta. A watan Yunin 1971 ya fara aiki da jirage uku tsakanin Dallas da Houston da San Antonio. Da yawa daga fasinjojinsa ba daga hannun wani kamfani ya ƙwace su ba, mutane ne da a da mota suke tuƙawa awa huɗu ko biyar.

Wannan hujja ce Sanata Edward Kennedy ya ɗauka a zaman jin bahasi da ƙaramin kwamitinsa na majalisar dattawa ya fara a Fabrairun 1975. Wanda ya tsara masa aikin wani malamin shari'a ne daga Jami'ar Harvard, Stephen Breyer, wanda a 1994 ya zama alƙalin Kotun Ƙoli. Abin da ya burge ni a tsarinsu shi ne ba su tsaya gardamar aƙida ba, ta kasuwa ce gaba ko gwamnati. Kowace hujja masu adawa suka kawo, sai a ɗora ta a sikeli. An ce in aka saki sana'ar ƙananan garuruwa za su rasa jirgi, domin ribar dogayen hanyoyi ce ke riƙe da gajeru. Aka duba, sai ga shi manyan kamfanoni sun yi shekaru suna ficewa daga ƙananan garuruwa da yardar CAB, masu ƙananan jirage waɗanda tsarin bai ɗaure ba suna maye gurbinsu. An ce haɗari zai ƙaru. Aka nuna cewa duba lafiyar jirgi da lasisin matuƙi aikin wata hukuma ne daban, FAA, tun 1958, binciken haɗari ma an ɗauke shi daga hannun CAB tun 1967. Ke nan makullan nan uku na kuɗi da hanya da shiga ana iya karɓe su ba a taɓa na tsaron rai ba.

Breyer ya sha ba da labarin wata mata daga gabashin Boston da ta tare Kennedy ta ce masa me ya kai shi zaman bahasi a kan jiragen sama, ita da ba ta taɓa samun halin hawa ba. Ya ce mata ai shi ya sa yake zaman.

Masu adawa ba ƙanana ba ne. Kusan duk manyan kamfanonin sun ƙi, ƙungiyoyin matuƙa da makanikai sun ƙi, waɗanda suka ba kamfanonin bashi hankalinsu ya tashi, domin lasisin CAB ɗin nan kadara ce, da ita ake samun rance. United ne ya ɓalle daga sahu. Shi ne mafi girma, saboda girmansa kuma hukumar ta daɗe tana hana shi sababbin hanyoyi, sai ya ga sakin ya fi masa. A ɗaya gefen aka samu haɗuwar da ba kasafai ake gani ba: Ralph Nader mai fafutukar kare masu saye, da masanan da suka yi imani da kasuwa, da Shugaba Gerald Ford ɗan jam'iyyar Republican, da Jimmy Carter ɗan Democrat da ya gaje shi. Hukumar ma ta fara tsagewa daga ciki. A 1975 wani kwamitin ma'aikatanta ya rubuta rahoton da ya ba da shawarar a janye ikon, a 1976 kuma shugabanta John Robson, wanda Ford ya naɗa, ya je majalisa ya goyi bayan sassauci.

A 1977 Carter ya ba Alfred Kahn shugabancin hukumar. Farfesan tattalin arziki ne daga Jami'ar Cornell, ya rubuta babban littafi a kan yadda hukumomi ke ƙayyade farashi, ya kuma shugabanci hukumar da ke kula da kuɗin lantarki da waya ta jihar Niyok. Ba baƙon ƙa'ida ba ne, ba maƙiyinta ba ne kuma. Shi ya riƙa faɗa wa jama'a irin tambayoyin da ke zuwa teburinsa. Ko kamfanin shata zai iya ɗauko dawaki daga Florida zuwa arewa maso gabas? Ko kamfani zai iya mayar wa masu zuwa wasan zamiya kuɗin tikitinsu in ƙanƙara ba ta sauka ba? Ko ma'aikatan kamfanoni biyu masu alaƙar jari za su iya sa kayan aiki masu kama da juna? Manyan mutane biyar da shugaban ƙasa ya naɗa, majalisa ta tantance, su ke zama a kan waɗannan.

Kahn bai jira sabuwar doka ba, ya yi amfani da sararin da tsohuwar ta bari. Tun farkon 1977 an fara ƙyale tikitin rangwame, Texas International ya fito da nasa, American ya biyo baya, Kahn ya buɗe ƙofar sosai. A Nuwamban shekarar majalisa ta saki jigilar kaya. Federal Express, wanda tun 1973 yake fama da ƙananan jiragen Falcon domin su kaɗai ƙa'ida ta bar masa, har yakan jera jirage biyu a hanya ɗaya a dare ɗaya, nan take ya sayi Boeing 727. A 1978 fasinja suka ƙaru sosai, kamfanoni suka ci ribar da ba su taɓa ci ba. Bakin masu cewa sama za ta faɗo ya mutu. Ranar 24 ga Oktoban 1978 Carter ya sa hannu a dokar sakin sufurin sama, bayan majalisun biyu sun amince da gagarumin rinjaye.

A yadda aka rubuta dokar akwai hikima. An sa ranaku a cikinta: ikon raba hanyoyi ya ƙare da ƙarewar 1981, ikon ƙayyade kuɗi a farkon 1983, hukumar kanta ta rufe kafin 1 ga Janairun 1985. Da an bar maganar a “za a duba nan gaba”, da lauyoyin nan sun samu lokacin sake ɗaure ta. Ba a taɓa FAA ba. Ƙa'idojin da har yanzu ke da amfani, irin diyyar fasinjan da aka sayar wa tikiti aka hana shi kujera, an mayar da su ma'aikatar sufuri. Sai alkawari biyu ga waɗanda aka san za su ji jiki: tallafi na shekara goma don kada ƙananan garuruwa su rasa jirgi, da kuɗin tallafi na wata-wata ga daɗaɗɗun ma'aikatan da sakin zai raba da aikinsu.

Abin da ya biyo baya

Tun kafin Carter ya sa hannu wakilan kamfanoni suka ja layi a ƙofar CAB a Washinton, kwana da kwanaki, dare da rana, domin dokar ta ce hanyoyin da masu lasisi suka ajiye ba sa amfani da su, wanda ya riga zuwa shi ke ɗauka. Braniff ya fi kowa kwasa. Ya buɗe garuruwa da yawa a lokaci guda, ya ciyo bashin sababbin jirage, sai ga tashin farashin mai na 1979, ga tsadar ruwan bashi, ga koma-bayan tattalin arziki. A watan Mayun 1982 ya ajiye jiragensa. Shi ne babban kamfani na farko da ya mutu, a zamanin CAB kuwa da an aurar da shi ga wani kafin ya kai nan. People Express ya fito a 1981 da tikiti mai arha ƙwarai, ya yi tashen 'yan shekaru, a 1987 aka haɗiye shi cikin Continental. Eastern da Pan Am duk sun rufe a 1991.

Ta fuskar fasinja dai lissafin ya fita. Breyer ya rubuta a 2011 cewa a 1974 mafi arhar tikitin zuwa da dawowa tsakanin Niyok da Los Angeles da hukuma za ta yarda da shi ya kai dala 1,442 in an auna da darajar kuɗin lokacin da yake rubutun, alhali a lokacin ana samun sa a dala 268. Fasinjoji kuma sun tashi daga miliyan 207 a 1974 zuwa miliyan 721 a 2010. Ba duka wannan ne aikin sokewar ba, domin kuɗin jirgi dama yana sauka tun zuwan jet, injuna kuma sun ci gaba da rage shan mai. Masana biyu, Steven Morrison da Clifford Winston, sun yi ƙoƙarin ware tasirin sokewar shi kaɗai, suka samu kuɗin tikiti ya yi ƙasa da sama da kashi 20 cikin 100 a kan abin da ma'aunin CAB zai bayar. Wannan adadin na fi yarda da shi, kuma ba kaɗan ba ne. Kujerun da a da rabinsu ke tashi wayam, yau sama da kashi 80 cikin 100 ake cikawa. Matsin da fasinja ke kuka da shi da arhar da yake jin daɗi, tushensu ɗaya.

Haɗari bai ƙaru ba, raguwa ya ci gaba da yi. Amma duk inda sa ido ya yi rauni, jini ya zuba. A watan Mayun 1996 jirgin ValuJet, kamfani mai arha da ya girma da sauri yana ba 'yan kwangila aikin gyara, ya kama da wuta ya faɗa fadamar Everglades a Florida, mutum 110 suka rasu. Gwangwanayen samar da iskar shaƙa ne aka loda a ɗakin kaya ba bisa ƙa'ida ba. A shekarar majalisa ta gyara dokar FAA don tsaron rai ya zama aikinta na gaba da komai, domin a da an haɗa mata shi da haɓaka sana'ar. Bayan faɗuwar jirgin Colgan kusa da Buffalo a 2009, inda mutum 50 suka rasu, aka ƙara tsaurara sharuɗɗan horo da awoyin ƙwarewar matuƙa. Sana'ar da aka saki ta fuskar kuɗi ta fi bukatar mai duba inji da idonsa biyu, domin yanzu kowa na neman inda zai rage kashewa.

Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne alkawarin ma'aikata. Albashi mai tsoka da matuƙa da makanikai da masu hidimar cikin jirgi ke karɓa a da, wani ɓangarensa daga tsadar tikitin nan yake fitowa, kowa ya san in tsadar ta tafi zai taɓu. Shi ya sa aka sa musu tanadi a doka. To, majalisa ba ta taɓa ware kuɗin ba, ba a biya kowa ko sisi ba. A 1983 American ya fara ɗaukar sababbin ma'aikata a kan albashin da bai kai na tsofaffi ba, mutum biyu a jirgi ɗaya, aiki ɗaya, lada daban. A Satumban shekarar Frank Lorenzo, wanda ke riƙe da ragamar Continental, ya kai kamfanin kotun karayar arziki, ya yi amfani da damar ya warware yarjejeniyoyin ƙungiyoyin ƙwadago, ya dawo da aiki a kan kusan rabin albashi. Sai a 1984 majalisa ta toshe wannan kafar, bayan mai aukuwa ta auku. Makanikin da ya ba kamfani shekara ashirin, ya yi lissafin gidansa da karatun 'ya'yansa bisa tsarin da gwamnati ta kafa ta kuma riƙe shekara arba'in, ba shi ya rubuta dokar 1938 ba. An sauya tsarin don amfanin miliyoyin mutane, daidai ne. Amma an rubuta masa alkawari don a samu dokar ta wuce, da ta wuce aka manta da shi, wannan kuwa zalunci ne, ko da ribar da ƙasa ta samu ta ninka asararsa sau dubu.

Tallafin ƙananan garuruwa ya bi ta ɗaya hanyar. Shekara goma aka ɗiba masa, aka ƙara wa'adi, daga baya aka cire wa'adin gaba ɗaya, yau garuruwa sama da ɗari ke cikinsa. Su suna da sanatoci.

Sai maganar gasa, wadda ita ce ginshiƙin duk hujjar sokewar. An ɗauka cewa ko kamfani ɗaya ne ya rage a wata hanya, tsoron shigowar wani zai hana shi tsawwala kuɗi, tunda jirgi ba gini ba ne, gobe ana iya juya shi wata hanyar. A aikace abin bai zo da sauƙi haka ba. Manyan kamfanoni suka tsara tafiyarsu ta cibiyoyi, kowa ya kama babban filin jirgi ɗaya ko biyu yana tara fasinja a can yana rarraba su, ya riƙe ƙofofin hawa da lokutan tashi, ya ɗaure matafiya da ladan yawan tafiya. Sabon shiga ya zo ya tarar ba wurin ajiye jirgi. Daidai lokacin da ake bukatar mai tsawatarwa, ikon amincewa da haɗewar kamfanoni yana hannun ma'aikatar sufuri, ita kuwa duk wadda aka kawo sai ta sa hannu. A 1986 ta yarda Northwest ya haɗiye Republic, TWA ya haɗiye Ozark, duk da ma'aikatar shari'a ta nuna rashin amincewa, sai Minneapolis da St. Louis kowanne ya koma hannun kamfani ɗaya. Kahn da kansa ya yi tir da wannan sakaci, yana cewa sakin farashi bai taɓa nufin a ajiye dokar hana babakere ba. An mayar da ikon ga ma'aikatar shari'a a 1989, amma haɗewa ba ta tsaya ba: Delta da Northwest a 2008, United da Continental a 2010, Southwest da AirTran a 2011, American da US Airways a 2013. Yau kamfanoni huɗu ke riƙe da fiye da kashi biyu bisa uku na kasuwar cikin gida.

Garuruwa matsakaita sun ɗanɗana. Pittsburgh ta buɗe katafaren sabon ginin filin jirgi a 1992, an tsara shi daidai bukatar USAir da ya mai da garin cibiyarsa. A 2004 kamfanin ya janye cibiyar, dubban ayyuka suka tafi, aka toshe ƙarshen wasu dogayen barandun hawa jirgi saboda ba mai bi. Memphis ta ga irin haka a 2013, Cleveland a 2014. A zamanin CAB kamfani ba ya barin gari sai da izini, yanzu sanarwa kawai yake yi.

Duk da haka ban ga wanda ya yi nazarin lamarin da gaske yana neman a dawo da ofishin da zai ajiye takarda shekara shida ba. Amurka ma ba ta waiwaya ba. A 1980 ta sassauta irin wannan ɗauri a kan manyan motocin kaya da jiragen ƙasa, a ƙarshen 1995 kuma ta rufe ICC, hukumar da ke kula da su, wadda aka kafa tun 1887, wadda da samfurinta aka gina CAB.

Sai dai tun tawadar dokar 1978 ba ta bushe ba wata sabuwar igiya ta fito. Southwest ya samu damar ƙetare iyakar Teksas, ya shirya tashi zuwa wasu jihohi daga Love Field, ƙaramin filin da ke cikin birnin Dallas. Masu babban sabon filin Dallas da Fort Worth suka ga za a raba musu kasuwa. Jim Wright, ɗan majalisar wakilai daga Fort Worth kuma jagoran masu rinjaye, ya shigar da wani sashe a wata dokar a 1979, wanda ya hana manyan jirage daga Love Field zuwa ko'ina in ba cikin Teksas da jihohi huɗu masu maƙwabtaka da ita ba: Louisiana, Arkansas, Oklahoma da New Mexico. Fasinjan da ke son zuwa Shikago daga can sai ya sayi tikiti biyu, ya sauka a hanya, ya karɓi jakarsa, ya sake miƙa ta, ya hau wani jirgin. An yi ta ƙara jihohi kaɗan-kaɗan, an yi ta shari'a da kamfen, a 2006 aka cimma yarjejeniyar janyewa a hankali. Ba a ɗage takunkumin tashi zuwa sauran jihohin ba sai a watan Oktoban 2014, shekara 35 bayan Wright ya rubuta shi, kusan shekara 30 bayan an rufe CAB.